Shirin Jarrabawar Shiga Karatun Likita: Jagora ga Ɗalibai, Iyaye da Malamai

GABATARWA

Kowace shekara dubban samari da 'yan mata daga dukan jihohin Tarayyar Nijeriya suna neman shiga jami'a domin karatun likita, amma waɗanda ake ɗauka daga cikinsu kaɗan ne ƙwarai. Dalili kuwa shi ne, Majalisar Kula da Aikin Likita da Likitan Haƙori ta Nijeriya, watau MDCN, ita ke ƙayyade wa kowace makarantar likita yawan ɗaliban da za ta ɗauka, gwargwadon malamanta da ɗakunan gwaje-gwajenta da asibitin da take koyarwa a cikinsa. Tun da guraben ba su da yawa, tilas a tace masu nema, matatar kuwa ita ce jarrabawa.

An shirya wannan ɗan littafi domin ya nuna wa ɗalibi yadda zai karanta fannonin kimiyya uku da ake jarrabawa a kansu, watau Bayoloji da Kemistiri da Fiziks. Abin da darasin ya ƙunsa ɗaya ne: ɗalibin da ya fahimci dalilin abu ya fi wanda ya haddace shi kurum, a ɗakin jarrabawa da kuma bayanta, ranar da za a ɗora ran ɗan Adam a hannunsa.

1. HANYAR DA AKE BI

An fara koyar da aikin likita a ƙasar nan a Makarantar Likita ta Yaba, a Legas, cikin 1930. A 1948 aka buɗe Kwalejin Jami'a ta Ibadan tare da sashen likitanta, a 1957 kuma aka buɗe asibitin koyarwarta. Jami'ar Ahmadu Bello ta Zariya, wadda aka kafa a 1962, ta buɗe nata sashen a 1967. A wancan zamani kowace jami'a ita ke shirya tata jarrabawar shiga, har ya zamana ɗalibi ɗaya yakan sami gurbi a wurare biyu ko uku, wani kuwa ya rasa ko ɗaya. Domin gyara wannan ne Gwamnatin Tarayya ta kafa Hukumar Shirya Jarrabawar Shiga Manyan Makarantu, watau JAMB, a 1978.

A yau mai neman karatun likita yana da matakai uku a gabansa. Na farko shi ne jarrabawar kammala sakandare ta WAEC ko ta NECO, inda ake bukatar kiredit a fannoni biyar: Turanci, Lissafi, Bayoloji, Kemistiri da Fiziks. Jami'o'i da yawa ba su karɓar waɗannan biyar ɗin daga mai neman likita sai in a zama ɗaya ya same su. Mataki na biyu shi ne jarrabawar JAMB, wadda tun 2010 ake kira UTME, tun 2015 kuma ake yin ta gaba ɗaya a kan kwamfuta. Mai neman likita yana amsa tambayoyi 180 cikin awa biyu: 60 na Turanci, sa'an nan 40 na Bayoloji, 40 na Kemistiri, 40 na Fiziks. Kowane fanni yana da maki 100, jimla 400 ke nan. Mataki na uku shi ne tantancewar da jami'ar da kanta take yi wa waɗanda suka zaɓe ta. Kowace jami'a ita ke yanke makin da za ta ɗauka, amma ko'ina aka je, makin sashen likita yana cikin waɗanda suka fi kowane tsawo.

Akwai kuma wata ƙofa ga wanda ya yi karatun share fage na gaba da sakandare, kamar IJMB da Jami'ar Ahmadu Bello ke kula da shi, ko JUPEB. Irin wannan ɗalibi yakan nemi shiga kai tsaye zuwa aji biyu. Ko ta wace ƙofa aka bi, fannonin kimiyyar nan uku ne za a tarar suna jira.

2. ABIN DA YA SA AKA ZAƁI WAƊANNAN FANNONI

Duk wanda ya taɓa zuwa dubiya asibiti ya ga ledar ƙarin ruwa a rataye bisa kan majinyaci. Wannan leda ita kaɗai ta isa ta nuna dalilin da ya sa ake jarraba mai son zama likita a fannoni uku.

A jikin ledar ruwan gishiri an rubuta 0.9%. Ma'anarsa ita ce akwai giram 9 na gishiri a cikin kowace lita ta ruwan. Masana Kemistiri suna auna yawan sinadari da wani ma'auni da ake kira mol, mol ɗaya na gishirin ci kuwa nauyinsa giram 58.5 ne, domin sodiyum yana da 23, kulorin yana da 35.5. In aka raba 9 da 58.5 za a sami mol 0.154 a kowace lita. Wannan aikin Kemistiri ne.

To, don me ba a ɗura wa majinyaci ruwa zalla, ko ruwan da ya fi wannan gishiri? Amsar tana cikin Bayoloji. Kowace ƙwayar jini tana lulluɓe da wani tantani wanda ruwa ke iya ratsawa, ruwa kuwa kullum yana ratsawa ne daga inda narkakkun sinadarai suka yi ƙaranci zuwa inda suka yi yawa. Wannan shi ake kira osmosis. In aka zuba jajayen ƙwayoyin jini cikin ruwa zalla, sai su yi ta shan ruwa har su kumbura su fashe. In aka zuba su cikin ruwa mai gishiri da yawa, sai ruwan cikinsu ya fita su yanƙwane. A awon 0.9% ne ƙarfin ruwan waje ya yi kusan daidai da na cikin ƙwayar, sai ta zauna lafiya.

Saura rataya ledar a sama, wannan kuwa Fiziks ne. Dannawar da ruwa ke yi a ƙasa tana samuwa ne in aka riɓanya abu uku: nauyin ruwan a kowane awo, da ƙarfin jan ƙasa, da tsawon da ruwan ya sauko. In ledar tana mita ɗaya bisa hannun majinyaci, lissafin shi ne 1,000 sau 10 sau 1, watau paskal 10,000. Wannan ya fi ƙarfin jinin da ke cikin jijiyar hannu mai mai da jini zuciya, sabili da haka ruwan ke shiga. In aka sauke ledar ƙasa da hannun, sai a ga jini ya biyo robar.

Ɗalibin da ya gane wannan misali zai daina ɗaukar fannonin nan kamar kaya uku da aka ɗora masa don a wahalshe shi. Su ne harsashin da za a gina sauran karatun a kai. Karatun likita shekara shida ne ga wanda ya shiga ta UTME, shekarar farko kuwa kusan duk a kan waɗannan fannoni uku take ƙarewa, kuma a jami'o'i da yawa wanda ya kasa a cikinta akan mai da shi wani sashe. Bayanta ne ake shiga ilmin sassan jiki da yadda suke aiki da sinadaran da ke cikinsu, daga nan ilmin cututtuka da na magunguna, sa'an nan a shiga ɗakunan majinyata.

3. YADDA AKE KARATUN BAYOLOJI

Bayoloji shi ne ilmin abubuwa masu rai. Ɗalibai da dama suna ganin shi ne mafi sauƙi, domin a zatonsu hadda ce kawai. Nan ne kuwa ake yawan zubar da maki, saboda mai tsara tambaya yakan juya abin da ke cikin littafi ta wata fuska, wanda ya haddace jimla bai san ma'anarta ba sai ya rikice.

Dabara ta farko ita ce zane. Bayan ɗalibi ya karanta babin zuciya, sai ya rufe littafin, ya zana zuciyar da ɗakunanta huɗu, ya sa wa kowane suna, ya ja kibiya yana bin jini daga jiki zuwa ɓangaren dama, zuwa huhu, ya komo ɓangaren hagu, ya sake fita zuwa jiki. Sa'an nan ya buɗe littafin ya ga inda ya yi kuskure. Haka zai yi wa ƙoda da ido da kunne da fure da ƙwayar halitta.

Dabara ta biyu ita ce bin abu daki-daki, yana tambayar kansa me ya biyo baya, kuma don me. Misali zazzaɓin cizon sauro. Macen sauro irin Anofilis ita ke zuba ƙwayar cutar Fulasmodiyum cikin jini. Ƙwayar takan fara zuwa hanta ta hayayyafa, daga nan ta shiga jajayen ƙwayoyin jini ta ƙara yawa har su fashe, lokacin fashewar ne kuwa zazzaɓi da rawar ɗari ke tasowa. Wanda ya bi wannan zare ba ya bukatar a gaya masa dalilin da ya sa yaro mai yawan zazzaɓi yake rasa jini.

Dabara ta uku ita ce lissafi, domin babin gado na Bayoloji lissafi ne. Ciwon amosanin jini, wanda ake kira sikila, misali ne da ya shafi gidaje da yawa a ƙasar nan. Yaro yana karɓar ƙwayar gado ɗaya daga uwa, ɗaya daga uba. In uwa da uba duka AS ne, haɗuwar da za a iya samu huɗu ce: AA, AS, AS da SS. Watau kowane ciki yana da rabo ɗaya cikin huɗu na zama SS. A lura, wannan ba ya nufin cewa in an haifi huɗu lalle ɗaya ne kaɗai zai kamu. Kowane ciki lissafinsa dabam ne, bai san abin da na gabansa ya zo da shi ba. A kan wannan gaɓa akan kama ɗalibai da yawa.

4. YADDA AKE KARATUN KEMISTIRI

Kemistiri ilmin sinadarai ne da yadda suke haɗuwa su rikiɗa. Ba a karanta shi a kishingiɗe kamar littafin hira. Da alƙalami da takarda ake karanta shi.

Abu uku ne ya wajaba su zauna daram kafin a ci gaba. Na farko, sinadarai ashirin na farkon jadawali, daga haidurojin zuwa kalsiyum, da alamominsu da lambobinsu da yadda ƙwayoyin lantarkinsu suka jeru. Na biyu, daidaita jimlar haɗuwar sinadarai, yadda abin da ya shiga zai yi daidai da abin da ya fito. Na uku, lissafin mol irin wanda aka nuna a misalin ledar ƙarin ruwa. Ɗalibin da waɗannan uku ba su zauna masa ba, duk babin da ya buɗe gaba zai tarar da su sun tare masa hanya.

Babin asid da bes yana daga cikin waɗanda suka fi kusa da aikin likita. Asid su ne sinadarai masu tsami, irin wanda ke cikin lemun tsami da tsamiya. Bes kuwa su ne masu ɗabi'ar kanwa da ruwan toka. Ana auna su da ma'aunin pH, wanda 7 ne tsakiyarsa: ƙasa da 7 asid, sama da 7 bes. Jinin mai lafiya yana tsakanin 7.35 da 7.45, in ya kauce daga wannan ɗan siririn fili sosai, rai yana cikin hatsari. Cikin ɗan Adam kuma yana fitar da asid mai ƙarfi domin narkar da abinci, maganin ƙwannafi kuwa bes ne wanda ke haɗuwa da asid ɗin su zama gishiri da ruwa.

Makarantu da yawa, musamman na karkara, ba su da isassun kayan gwaji. Wannan matsala ce ta gaske, amma ba ta rufe ƙofa ba. Ruwan zoɓorodo da ba a sa masa kome ba yana iya nuna asid da bes: in aka ɗiga masa lemun tsami sai jansa ya ƙara haske, in aka ɗiga ruwan kanwa sai ya yi duhu ya karkata zuwa kore. Kazalika in aka yanka dankali gida biyu, aka sa ɗaya cikin ruwa zalla, ɗaya cikin ruwan gishiri mai kauri, bayan 'yan awoyi na farko zai yi tauri, na biyu ya yi laushi. Osmosis ke nan ido ya gani. Abin da hannu ya yi, ido ya gani, da wuya a manta da shi.

Kada kuma a bar babin sinadaran kabon sai ƙarshe, kamar yadda ɗalibai suka saba. Sukari da mai da furotin da yawancin magunguna duk daga wannan dangi suke, kuma sunayensu suna bin ƙa'ida. Wanda ya koyi ƙa'idar sa suna zai iya gane sinadarin da bai taɓa gani ba.

5. YADDA AKE KARATUN FIZIKS

Fiziks ne fannin da masu neman likita suka fi tsoro, wasu ma sukan yi watsi da shi da fatan sauran fannoni za su cike gurbin. Lissafi bai goyi bayan wannan ba. Fiziks maki 100 ne cikin 400, wanda ya sami 35 a cikinsa, ko da ya sami 75 a kowane ɗaya daga sauran ukun, jimlarsa 260 ce, alhali wanda ya sami 70 a dukan huɗun yana da 280.

Akwai tsari na amsa tambayar Fiziks wanda ya kamata ya zama jiki. A rubuta abin da aka bayar. A rubuta abin da ake nema. A mai da kowane awo zuwa ma'aunin da aka yarda da shi, watau mita da kilogiram da daƙiƙa. Sa'an nan a zaɓi ƙa'idar da ta haɗa su. Yawancin kurakurai a mataki na uku suke aukuwa, inda ɗalibi zai bar santimita ko giram yadda suke, ya sami amsar da mai tsara tambaya ya riga ya ajiye masa tarko a cikin zaɓin.

Ga misali. Likita ya ce awon jinin mutum 120 bisa 80 ne. Lambar 120 tana nufin ƙarfin da zai iya tura ruwan zaiba sama har milimita 120. In aka mai da ita mita, 0.12 ke nan. Nauyin zaiba kilogiram 13,600 ne a kowace mita kubik. Lissafin shi ne 13,600 sau 10 sau 0.12, amsa paskal 16,320. Ƙa'idar da ta yi aiki a ledar ƙarin ruwa ita ce ta yi aiki a nan.

Babin haske shi ne tushen aikin likitan ido. Mutumin da ba ya ganin nesa, hoton abu yana haɗuwa ne kafin ya kai bangon bayan idonsa, sai a ba shi gilashi mai lotsawa a tsakiya. Wanda ba ya ganin kusa kuwa, gilashi mai tudu a tsakiya ake ba shi. Ƙarfin gilashi ana samunsa ne in aka raba ɗaya da nisan matattarar haskensa a mita. Wanda ba ya ganin abin da ya wuce mita 2 sosai yana bukatar gilashi mai lotsawa na ƙarfin 0.5, ana kuma sa alamar ɗebewa a gaban lambar. Har wa yau hoton ƙashi da ake ɗauka a asibiti ya samo asali ne daga hasken da Bajamushen nan Wilhelm Rontgen ya gano a 1895, hoton cikin mai juna biyu kuwa amsa-kuwwar sauti ce. Duk waɗannan suna cikin manhajar Fiziks ta sakandare.

6. TURANCI

Turanci yana da nasa maki 100, bugu da ƙari da shi ake yin tambayoyin sauran fannonin. Ɗalibi yana iya sanin amsa sarai ya faɗi, don bai lura da wata 'yar kalma mai nufin "ban da" ko "ba" a cikin tambayar ba. Ya kamata ya riƙa karanta wani abu da Turanci kowace rana, jarida ko littafi, ya ajiye ɗan littafin rubuta baƙin kalmomi. Hukumar JAMB takan sanar da littafin labari da za a yi tambayoyi a kansa, lalle ne a karanta shi kansa, kada a dogara da taƙaitawar da ake sayarwa.

Kalmomin kimiyya da yawa daga Girkanci da Latin aka ƙera su, kuma gaɓoɓinsu suna maimaituwa. Gaɓar haem tana nufin jini, cardio zuciya, hepat hanta, derm fata, itis kuwa kumburi. Wanda ya san waɗannan, da ya ga hepatitis zai gane kumburin hanta ake nufi. Babu laifi kuma ɗalibi ya bayyana wa kansa darasi da Hausa ko da wane harshe ya tashi da shi. In ya iya yi wa ƙanensa bayanin osmosis da harshen gida har yaron ya gane, to, shi ma ya gane. Daga nan sai ya koma ya riƙe kalmomin Turancin.

7. TSARIN KARATU

Hausawa sun ce ba a fafe gora ranar tafiya. Shirin wannan jarrabawa yana farawa tun daga ajin farko na babbar sakandare. Ga ƙa'idodin da suka kamata a bi:

(a) A nemi manhajar JAMB ta kowane fanni, wadda hukumar ke wallafawa a shafinta na intanet. A riƙa yi wa kowane babi alama in an gama shi, domin a san abin da ya saura.

(b) A tsara jadawalin mako, a ba fannin da aka fi rauni a cikinsa lokacin da kai ya fi sakewa, kamar bayan asuba. Awa biyu ko uku kowace rana sun fi kwana zaune sau ɗaya a mako.

(c) A riƙa bita a tsakanin kwanaki. Tun 1885 wani masani Bajamushe, Hermann Ebbinghaus, ya nuna cewa mantuwa ta fi sauri a sa'o'i da kwanakin farko bayan koyon abu, bita kuwa tana rage saurinta. Abin da aka karanta yau, a duba shi gobe, a sake bayan mako, a sake bayan wata.

(d) Bita tana nufin rufe littafi a jarraba kai. Maimaita karanta shafi yana sa mutum ya ji kamar ya sani, alhali saba wa idonsa kawai ya yi.

(e) A yi amfani da tambayoyin shekarun baya bayan an gama babi. Duk tambayar da aka faɗi, a rubuta ta cikin littafi na musamman tare da dalilin kuskuren. A sani kuma cewa wasu littattafan tambayoyin da ake sayarwa a kasuwa suna ɗauke da amsoshin da ba daidai ba, sai a gwada su da littafin makaranta ko a tambayi malami.

(f) A sami abokan karatu biyu ko uku masu himma, kowa ya ɗauki babi ya koya wa sauran.

(g) A kiyaye barci da abinci. Shan ƙwayoyi don hana barci yana ɓata lafiya, kuma ƙwaƙwalwar da ba ta huta ba ba ta riƙe karatu.

8. RANAR JARRABAWA

Tambayoyi 180 cikin minti 120 na nufin daƙiƙa 40 ga kowace tambaya. Sabili da haka ya wajaba ɗalibi ya saba aiki da agogo tun a gida. Wanda bai taɓa riƙe kwamfuta ba, ya nemi wurin da zai koya, ya kuma zauna jarrabawar gwaji da hukumar ke shiryawa kafin ta ainihi. Abin takaici ne yaro mai ƙwazo ya ɓata minti goma yana laluben yadda zai wuce zuwa tambaya ta gaba.

A ɗakin jarrabawa, a fara da fannin da aka fi ƙarfi a cikinsa. Tambayar da ta ƙi ci, a tsallake ta, a komo mata daga baya. In ana shakka, a fara fitar da amsoshin da aka tabbata ba su ne ba, sa'an nan a zaɓa daga abin da ya rage. A bar 'yan mintoci a ƙarshe domin dubawa.

Ana gargaɗin ɗalibai da iyaye su yi nesa da masu alkawarin sayar da tambayoyi ko ƙara maki. Yawancinsu 'yan damfara ne. Satar jarrabawa laifi ne ƙarƙashin dokar da aka kafa a 1999, hukuncinsa ya haɗa da tara da ɗauri, ban da soke sakamako. Wanda ya shiga makarantar likita ta wannan hanya kuwa, jarrabawoyin cikinta za su tona shi.

9. NAUYIN IYAYE DA MALAMAI

Ɗalibi yana bukatar lokaci da fitila da wurin da babu hayaniya. Ya kamata iyaye su rage masa aike da aikin gona ko na kasuwa a watannin da jarrabawa ta ƙarato. Wannan ya fi muhimmanci ga 'ya'ya mata, waɗanda aikin gida ke cinye musu yini. Mata da yawa sun fi sakin jiki su faɗi ciwonsu in likita mace ce, ba kuwa za a sami likitoci mata ba sai an bar 'yan mata sun karanta kimiyya tun daga sakandare. Malamai kuma su yi ƙoƙari su gama manhaja da wuri, su riƙa kawo misalai daga abin da yara ke gani a gida da kasuwa da asibiti.

Wanda bai sami gurbi a karon farko ba, kada a yanke masa ƙauna. Yana iya duba littafin kurakuransa ya sake zama a shekara ta gaba, ko ya bi ta karatun share fage. Akwai kuma aikin haɗa magunguna, da aikin jinya da ungozoma, da gwajin jini, da ɗaukar hoton ciki da ƙashi, da gashin ƙashi. Asibiti ba ya tafiya sai da su, kuma dukansu a kan fannonin nan uku aka gina su.

10. TAMBAYOYIN GWAJI

A amsa waɗannan kafin a dubi amsoshin.

1. Miji AA ne, matarsa AS. Mene ne rabon kowane ciki na zama SS?
2. Ledar ruwan sukari tana ɗauke da giram 50 na gulukos a lita ɗaya. Mol ɗaya na gulukos giram 180 ne. Mol nawa ke cikin litar?
3. Zafin jikin yaro ya kai digiri 40 a ma'aunin Selsiyus. Nawa ne wannan a ma'aunin Kelbin da na Faranhait?
4. Zuciya tana bugawa sau 72 a minti, kowane bugu tana tura mililita 70 na jini. Jini nawa take turawa a minti ɗaya?
5. Za a ƙara wa majinyaci mililita 500 na ruwa cikin awa 4. Ɗigo 20 ne ke yin mililita ɗaya. Ɗigo nawa ya kamata ya sauka a minti?

Amsoshi: (1) Babu ko kaɗan, domin mijin ba shi da S da zai bayar, rabon AA rabi ne, na AS rabi. (2) 50 a raba da 180, watau kimanin mol 0.28. (3) Kelbin 313, Faranhait 104. (4) Mililita 5,040, watau lita 5 da 'yan kai. (5) Ɗigo 10,000 a raba da minti 240, watau kimanin ɗigo 42.

Wanda ya sami huɗu ko biyar, ya ci gaba zuwa tambayoyin shekarun baya, yana aiki da agogo. Wanda ya sami ƙasa da haka, ya koma babin da tambayar ta fito, ya sake karanta shi da alƙalami a hannu, ya kai wa malaminsa abin da ya gagare shi, sa'an nan ya sake gwada tambayoyin bayan mako ɗaya.